Buhun da Ke Jiran Watan Takwas

Karatu: Farawa 41:46-57, Karin Magana 11:24-26, Luka 12:13-21

Ɗan'uwa cikin Almasihu, kafin ka buɗe ayoyin nan, ka ƙirga a zuciyarka buhu nawa ya rage maka a ɗaki. Ba sai ka faɗa wa kowa ba. Na san mutumin ƙasarmu ya fi yarda ya faɗi cutar da ke damunsa da ya faɗi yawan hatsinsa. In ka gama ƙirgawa, ka raba su gida biyu: waɗanda iyalinka za su ci kafin sabon amfani ya shigo, da waɗanda ka jingine a bango kana jira farashi ya hau. A kan kashi na biyun nan za mu yi magana yau. In kuwa kai ko tiya biyar ba ka da ita, kada ka rufe littafin, akwai taka maganar a gaba.

Ka san yadda watan takwas yake a wurinmu. Marka ta sauka, rana takan yi kwana biyu ba a ga idonta ba, itacen girki ya jiƙe, hanya ta zama taɓo. Daga Kankara har Faskari, ka gangara Sabuwa, duk inda aka samu aka yi noma kore ne shar. Masara ta yi goyo, dawa ta kai ƙirji, waken suya ya rufe ƙasa. Baƙo in ya wuce a mota sai ya ce mutanen nan sun ji daɗi. Amma a wannan watan ne tukunya ta fi yin shiru a gidaje. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Mata suna fita tsinkar tafasa da rama, a yi kwaɗo da ɗan ƙuli, a sha ruwa a kwanta. A wannan watan ne kuma wanda ya sayi masara da kaka a kasuwar Dandume, ya zuba mata magani ya kulle, yakan fara jin cewa lokacinsa ya zo.

To, mai bin Yesu da ya ajiye hatsi yana jiran tsada, zunubi yake yi?

Na ji masu cewa i, kai tsaye. Na ji masu cewa a'a, kasuwa ce. Dukansu sun yi hanzari.

Bari mu fara ba mai ajiya haƙƙinsa, don yana da shi. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yabon mutumin da ya cinye kakarsa a wata biyu ba. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar har shekara bakwai, da wannan ajiyar kuwa Allah ya ceci ƙasar, ya ceci gidan Yakubu ma. Karin Magana sura 6 ta aika rago makarantar tururuwa. Bulus ya gaya wa Timoti cewa mai bi da ya bar gidansa ba kulawa ya ɓata shaidarsa gaba ɗaya. Kakanninmu ma ba a littafi suka koyi gina rumbu ba, yunwa ce ta koya musu. Ƙasar Hausa ta ga Kakalaba a 1914, dattawanmu da ke zaune a bencin gaba ranar Lahadi sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Ka tambaye su. Ba za ka ji ɗayansu ya ce ajiya rashin bangaskiya ce ba.

Ka duba kuma lissafin manomi. Da kaka kowa yana sayarwa, farashi yana ƙasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin huɗa da na ɗauko kaya daga gona da na kai shi kasuwa duk suka tashi, taki kuwa ba a magana. Manomin da ya juye amfaninsa duka a watan sha ɗaya, sau da yawa ko kuɗin da ya zuba ba ya mayarwa. In ya riƙe buhu goma zuwa damina don ya sayi taki, ya biya kuɗin makaranta, ya ajiye na asibiti, wa zai ce ya yi laifi? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ma ɗan kasuwa aiki yake yi. Ya biya hayar ɗaki, ya yi faɗa da ƙwari da ɓera da danshi, ya kulle jarinsa wata takwas. Da ba don irinsa ba, da hatsin kaka ya bi manyan motoci ya tafi, watan takwas ya zo ba abin aunawa a kasuwa ko da kuɗinka. Yana kuma ɗaukar kasada ta gaske. A 2025 farashin masara ya faɗi maimakon ya hau, mutane da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya, wasu har yau ba su miƙe ba. Saboda haka ba zan ce maka riba sata ce ba.

Amma ka koma Karin Magana 11:26 ka karanta a hankali. Ayar ta sa mutum biyu gefe da gefe, mai riƙe hatsi da mai fito da shi, ta ce bakin jama'a yana kan na farko, albarka kuwa tana kan na biyu. Abin da ya ba ni mamaki ranar da na lura shi ne, ayar ba ta ma nemi kyauta ba. Wanda aka sa wa albarka sayarwa ya yi. Ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya raba shi da ɗayan kawai shi ne ya buɗe ƙofa a ranar da mutane suke bukata. Ashe akwai riƙon da Allah ya ƙi, ko da hatsin naka ne, guminka ne, ba ka cuci kowa wajen samunsa ba.

Haka ma mai arzikin nan na Luka 12. Ubangiji bai ce ya ci iyakar gonar wani ba, bai ce ya hana 'yan ƙwadago ladansu ba. Gonarsa ce ta yi kyau, ruwa ya sauka masa daidai. Ka karanta zancen da ya yi da kansa, ka nemi mutum na biyu a ciki. Babu mata, babu ɗa, babu maƙwabci, babu masu yi masa girbi, babu Allah. Shi da rumbunsa ne kaɗai a duniya. Yusufu ya gina rumbu, wannan ma ya gina rumbu. Ɗaya ya gina yana ganin fuskokin masu zuwa da buhu wayam, ɗaya ya gina yana ganin kansa a kishingiɗe.

Yanzu sai ka ce, to buhu nawa ne iyakar? Goma tanadi ne, ɗari ɓoyo ne? Na daɗe ina neman wannan lambar, ban same ta ba, ina kuma ganin ba a lamba amsar take ba. A watan Fabrairu na 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai mutane bango, hukuma a Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a wajen kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Mu da muka ji a rediyo muka ce madalla, ga azzalumai an kama. Da sauƙi mutum ya ga zunubin mai tirela. Ni da buhu shida na gane nawa.

Wata damina na ajiye masara buhu shida bayan na gida. Na riga na kashe kuɗin a zuciyata: kwanon rufi ne, ɗakin yara yana yoyo. Cikin watan bakwai ruwa ya ɗauke kusan mako biyu, masara ta fara nannaɗe ganye da rana. Ranar Laraba muka taru a majami'a domin addu'ar ruwa, ni ne ma na ja ɗaya daga cikin addu'o'in, da murya sama, hannu a ɗage. Da na fito na hau babur, sai na kama zuciyata tana wani lissafi dabam: in ruwan nan ya ƙara mako ɗaya bai zo ba, buhu zai kai kaza. Ban yi niyyar tunanin ba, shi ya zo da kansa, ya kuma zo da ɗan daɗi. Wannan ɗan daɗin ne ya tsorata ni. Bakina yana roƙon ruwa, ɗakin ajiyata yana roƙon fari, ni kuwa ina tsakiya ina ce wa kowanne amin.

Ga ma'aunin da na samu tun daga ranar, ina kuma ba ka shi ka gwada kanka. Wane labari ne yake faranta maka rai? In ka ji an yi ruwa mai kyau a ƙasar Sabuwa, ko an ce hanya ta buɗe manoma sun koma gonakin nesa, zuciyarka godiya take yi, ko kuwa gabanka ne yake ɗan faɗuwa don farashi zai sauka? In ka ji an tashi wani ƙauye, me ya fara zuwa maka, mutanen ko kasuwar? Mai tanadi yana iya roƙon ruwa da salama da zuciya ɗaya, domin in an samu, shi ma ya samu. Mai ɓoyo ya sa kansa a inda wahalar maƙwabcinsa ce ribarsa. Ba lallai ne ya zama mugu tun farko ba. Wurin da ya tsaya ne yake koya wa zuciyarsa son abin da bai kamata ta so ba, a hankali, har ya kai ranar da ba zai iya yin addu'ar jama'a da gaskiya ba.

Wannan magana ta fi nauyi a kanmu fiye da yadda ta yi a kan iyayenmu, dole kuma in faɗi dalili. A zamaninsu hatsi yakan hau da damina don lokaci ne, ya sauka da kaka. Yau akwai wani abu a cikin farashin da ba na lokaci ba. Ba mu manta Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari ba, watan Yuni na 2020, tsakiyar shuka. Ba mu manta daren 11 ga Disamba na shekarar ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara, iyaye suka yi kwana shida ba barci kafin a sako su. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Kankara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma yanke layin waya. Gonaki nawa ne a bakin daji suka koma ciyawa a shekarun nan? Mutum nawa ne da a da yake cika rumbu uku, yau yana haya a ɗaki ɗaya a gari, yana auna kwano ɗaya da yamma? Duk gonar da ba a noma ba ta ƙara wani abu a kan farashin buhunka. Kai da gonarka ke kusa da gari, ka samu ka shuka ka girbe, ba don ka fi su addu'a ba ne. Wani ɓangare na ribar da kake jira daga gonar da aka kori mai ita ya fito. Ban ce ka sata ba. Na ce ka san inda ta fito kafin ka kira ta duka albarkarka.

Akwai kuma abin da ya fi ɓoyo muni, yana kuwa faruwa har tsakanin masu cin jibin Ubangiji a teburi ɗaya: a ba mutum buhu ɗaya da marka, ya biya biyu da kaka, ko a saye amfaninsa tun yana tsaye a gona a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Mai bayarwa yakan ce ai taimako na yi, shi ya zo da ƙafarsa. Gaskiya ne da ƙafarsa ya zo, yunwa ce ta turo ƙafar. Ka karanta Nehemiya sura 5. Mutane suna jinginar da gonaki da gidaje don hatsi, masu karɓa kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya bai kira su gefe ba, taro ya kira, ya sa suka mayar. Ko Yusufu da muke yabo, in ka kai Farawa 47 za ka ga yadda hatsin ya cinye kuɗin Masarawa, ya cinye dabbobinsu, ya cinye gonakinsu, a ƙarshe su kansu suka zama na Fir'auna. Sun rayu, sun kuma gode. Amma ni ban taɓa karanta surar nan da sakin zuciya ba, ba na kuma ganin an rubuta ta ne don mu yi haka da maƙwabcinmu. Wanda ke riƙe da abinci a ranar yunwa yana riƙe da wuyan mutum, ko bai so ba.

To me za ka yi? Ba na ce ka buɗe ɗaki ka rabar ba, sa'an nan watan tara ya same ka kana bin gidaje. Ka fara da lissafi, ka kuma yi shi tare da matarka, don ita ce ta san abin da tukunya ke ci, kai ƙiyasi kawai kake yi. Buhu yana ɗaukar tiya kamar 40. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana bukatar buhu 9 da 'yan tiyoyi a shekara. Ka ware na ci, ka ƙara na baƙo da na ɓacin rana, ka ware na iri da na taki. Wannan tanadi ne, ka kulle shi ba tare da jin kunya ba. Abin da ya saura, ka yanka masa farashi tun yanzu, wanda zai mayar maka da kuɗinka da wahalarka da riba mai kyau, ka faɗa wa Allah, ka faɗa wa matarka. Ran da kasuwa ta kai nan, ka sayar. Dalilin yanka farashin tun da wuri shi ne, in ka bari sai kana kallon kasuwa, babu ranar da zuciya za ta ce ya isa.

In za ka sayar kuma, ka bar ko buhu ɗaya da za a auna a ƙofar gida, tiya tiya, rabi rabi, ga masu kuɗin yini. Na san ya fi sauƙi dillali ya zo da mota ya kwashe, ka ƙirga kuɗinka a dunƙule. Amma motar nan wani gari za ta. Ka cika mudu. Annabi Amos ya yi wa masu rage ma'auni da masu gauraya hatsi da ƙaiƙayi magana mai zafi a sura 8, sana'ar kuwa ba ta mutu ba.

Kada kuma ka tsaya tambayar mai saye ina yake sujada. Bulus ya ce wa Galatiyawa su fara da 'yan'uwa masu bi, amma bai ce su tsaya nan ba. Wanda aka kora daga ƙauyensa, Kirista ne, Musulmi ne, Bafulatani ne da aka kwashe wa shanu, cikinsa iri ɗaya ne da naka. Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakkar hatsi da kaka, dami ɗaya cikin goma, muna gani. Mu da muke shaidar cewa an ba mu alheri kyauta, bai kamata a ga ƙofarmu ta fi tasu tauri ba.

Mu masu ɗaukaka baiwar Ruhu Mai Tsarki, akwai wani wuri da ya kamata mu riƙa komawa. A Ayyukan Manzanni 11, annabi Agabas ya faɗi ta wurin Ruhu cewa babbar yunwa tana zuwa. Ka yi tunanin abin da ɗan kasuwa zai yi da irin wannan labari tun kafin kowa ya ji. Ikkilisiyar Antakiya ba ta ruga ta saye alkama ta kulle ba. Gudummawa suka tara, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Muna yawan roƙon Allah ya nuna mana abin da ke gaba. Yana da kyau mu tambayi kanmu abin da za mu yi da shi in ya nuna. Hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka ma, dattawan ikkilisiya su yi tunani kafin a yi gwanjonsa duka a watan sha biyu. Buhu uku da aka ajiye a ɗakin majami'a zuwa watan takwas za su yi wa'azin da fasto ba zai iya yi ba.

Yanzu kai da ka ƙirga ka tarar ba komai, ko ke 'yar'uwata da kike rarrashin yara da ruwan zafi a kan wuta don su ɗauka ana girki. Rashin hatsi ba shaidar rashin bangaskiya ba ce. Rut ta yi kala a gonar Bo'aza, ba kuwa bara ta yi ba, haƙƙi ne da Allah ya riga ya rubuta wa matalauci da baƙo a cikin Shari'a. Ki faɗa wa shugabar zumuntar mata, ka faɗa wa dattijo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kuma wani ya zo maka da labarin gwauruwar Zarefat yana cewa ka kawo kwanonka na ƙarshe a matsayin iri don Allah ya ninka maka, ka tuna Iliya ya zauna a gidan nan ya ci abin da suka ci har yunwar ta wuce. Ka tambayi mai maganar ko shi ma zai zauna.

Game da buhuna shida, ruwa ya sauka kwana huɗu bayan addu'ar nan, amma ni ban buɗe ɗakin ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa sai watan takwas ya tsaya sosai. Wata safiya wata mata da suka gudo daga wani ƙauye ta zo da kuɗin tiya biyu, ta ce ta ji muna da masara. Ina daga ciki na ce wa matata ta ce mata babu ta sayarwa. Ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Maigida, in babu ce, fito ka faɗa mata da bakinka. Ni jiya na share ɗakin nan." Ƙaramin ɗanmu yana zaune a tabarma yana kallona, shi ma ya san abin da ke ɗakin, don a kan buhunan yake wasa. Na ɗauko mabuɗi. A makon nan muka auna buhu biyu a ƙofar gida, sauran huɗun na kai kasuwa a kan farashin ranar. Bayan mako uku buhu ya ƙara hawa, na kuwa yi lissafin abin da na rasa, ba sau ɗaya ba. Kwanon rufin sai da kaka ta biyu aka saya. Yara suka ƙara damina ɗaya suna jan tabarma gefe, suna tara roba a inda yake ɗiga.